Jan Zaren da Na Sayo a Ankara

Tun da muka dawo daga ƙasar Gana ban samu na zauna a majalisarmu ta gindin darbejiya, nan Gyaɗi-Gyaɗi, na sha iska cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Malam Isiyaku, ba mu labarin Ankara mana." In na fara, kafin jirgin ƙasa ya kai mu Zariya an katse ni: "To shi Mudi fa? Da gaske ne likitar ta miƙe tsaye don ta gaishe shi?" Wato dai ba labarina ake so ba, labarin Mudi ake so a ji a bakina. Na gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha shayina. Tunda kuma rubutu ne, zan faɗi har abin da ba na faɗa a majalisa.

Mudi ɗan gwaggona ne, taubashina, a Tarauni yake zaune, ɗinkin hula ne sana'arsa. Tare muka tashi. Ni aka sa ni boko har na zama malamin asibiti, shi kuwa ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Shekara uku ke nan yana fama da ciki: gudawa da jini da majina, da murɗawar mara. Ya lafa wata ɗaya ko biyu, ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Mun yi masa maganin atuni har muka ji kunya, ɗakin gwaji kuma kullum su ce ba su ga ƙwayar atuni ba. Daga baya likitanmu, wani Bamisre, ya ce wannan kumburin hanji ne, irin wanda littattafansu suka ce ciwon Turawa ne, da wuya a same shi a baƙar fata. Ya buɗe rajista don masu irin wannan ciwo, 'yan kaɗan ne, ya damƙa min. Duk bayan mako biyu mutum ya zo, in ɗora shi a sikeli, in tambaye shi jiki, in rubuta. Shekara biyu ina wannan aiki, da rula nake jan layi, ba gogewa ko ɗaya a ciki.

Likitan ya rubuta wa wata likita a Ankara, babban birnin Gana, wadda take tattara masu wannan ciwo tana bincike a kansu. Tana da wani dogon bututu mai fitila a baki da ake leƙa hanji da shi, tana kuma da wasu ƙwayoyi rawaya da ba ma samu a nan. Ta amsa cewa a turo mata mutum ɗaya, da rajistarsa, da ɗan yankin naman hanjinsa a kwalba. In ta tabbatar ciwon ne, kuma yana cin sa, za ta sa shi a bincikenta, a riƙa aiko masa da magani. In ba haka ba, ya koma gida yadda ya zo. Aka zaɓi Mudi, ni kuma ɗan rakiya da tafinta. Ranar da za mu tashi likitanmu ya ja ni gefe ya ce in rajistata ta burge matar nan, sunana zai shiga takardar da za ta buga, daga nan kuma maganar kwas a Ingila ba za ta yi wuya ba. Na ɗinka kwat saboda wannan magana. A shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira ne, bayan ƙaramar salla.

Kyashin da nake yi wa Mudi ya fara tun daga tashar jirgi. Mutanen Tarauni sun cika mota guda sun rako Mudi, har da limaminsu, ana ta addu'a ana kama hannunsa. Ni matata ce kawai ta ba ni dambun nama a ƙofar gida ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na sani, shi mara lafiya ne. Amma wa zai yi magana da likitoci in mun je, liman?

A cikin jirgi muka samu wuri kusa da wata Bayarabiya mai fataucin albasa. Kafin mu kai Kaduna ta lura da yadda Mudi yake tashi yana bin lungu zuwa ban ɗaki, ta kwashe kayanta ta ba shi kujerarta ta bakin ƙofa. A Minna ta sayo masa farar shinkafa ba miya, don ta ji ya ce yaji da mai ba sa yi masa. Ni da kwat ɗina ta miƙo min buhun albasa ta ce in riƙe mata a cinya. Shi kuma yana zaune yana ɗinkinsa, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya taɓa hular ya yaba. Na fito da rajista na buɗe ta a kan buhun albasar, ina jujjuya shafi da ƙarfi, ba wanda ya ko waiwayo.

Bayan mun haye gadar Jabba na ga abin da ya ɓata min sauran tafiyar. Duk sanda Mudi ya dawo daga ban ɗaki sai ya zaro wani siririn farin ƙyalle daga aljihu, faɗinsa kamar yatsa uku, a nannaɗe kamar bandeji, ya soka allura sau ɗaya ya mayar. Na ce, "Kai kuma wane surkulle ne wannan?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba surkulle ba ne, malamin asibiti. Lissafi ne."

Ashe tun farkon ciwon ya je wurin malamin unguwarsu yana tambayar hukuncin alwalarsa, tunda ba ta zama. Malamin ya ce sai ya san sau nawa abin yake zuwa masa a yini. Mudi bai sani ba, sai ya fara ƙirgawa da abin da ya iya. Kowace rana layi ɗaya. Kowace fita ɗinki ɗaya: baƙin zare in ba jini, jan zare in da jini. Ranar Juma'a ya ƙulla kore a gefe don kada kwanaki su rikice masa. Ranar da ya sha fura da nono ya sa shuɗi, don yana zargin nono. Malam ya ba shi amsarsa tun tuni, amma hannu ya riga ya saba.

Na karɓa na warware kaɗan. Na ƙirga koren ƙulli baya-baya zuwa watan da na tuna sarai, watan da aka yi wa ɗana suna. Layukan nan ja wur, wata rana ɗinki tara, wata rana goma sha ɗaya. A rajistata kuwa, a wannan watan, na rubuta da kyakkyawan Turanci cewa yana samun sauƙi. Ba sai na buɗe sauran shafukan ba, na san abin da ke ciki. Kullum in ya zo nakan ce, "Mudi, yaya jiki?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Sai in rubuta. Haka su ma sauran suke cewa, haka na rubuta musu.

Na naɗe ƙyallen na miƙa masa na ce, "Ka ga, in mun je, kada ka fito da wannan tsumma a gaban likitoci. Manyan masu ilmi ne. Kada ka ja mana abin kunya."

Ya ce, "To, kai ka san su." Ya tura shi can ƙasan jakarsa. Wannan ne abin da ba na faɗa a majalisa.

A Ikko kwana ɗaya muka yi wurin Hausawa a Agege, ban ga komai a garin ba sai cunkoso da gumi. Washegari muka shiga fijo mai zuwa Ankara, mu bakwai da direba. Iyaka uku ake ƙetarewa, kowacce a sauke ku, a duba fasfo da katin allurar rigakafi, a zazzage kaya. A ƙasashen Faransa na ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata tsirara ba takarda, da wannan gumin, ya kai gida a ci. Na ga teku kuma, daga Kwatano har Lome tana gefenmu. Mudi ya ce a tsaya ya gani da kyau, direban da ya ƙi tsaya min in yi fitsari ya taka burki nan take.

A iyaka ta biyu na yi ɓarnar da ta fi kowacce. Wani jandarma ya buɗe jakar Mudi ya ga huluna, ya kira 'yan'uwansa, suka dinga gwadawa a kai suna kallon juna suna dariya. Su ba Hausa, shi ba Faransanci, amma hira ta yi daɗi tsakaninsu, har kujera suka ba shi. Ni ko jakata ba a buɗe ba, an yi mata alama da alli an ture. Abin ya tsaya min a rai. Na buɗe jakar da kaina, na zaro kwalbar nan mai naman hanji, na ɗaga ta sama ina bayani da Turanci cewa ni ma'aikacin lafiya ne, aikin bincike ya kawo ni. Ba wanda ya tambaye ni. Jandarman ya miƙo hannu ya gani, ni kuma na janye don in nuna masa ba a taɓawa, hannuna da gumi, kwalba ta suɓuce ta tarwatse a siminti. Warin maganin ya tashi, kowa ya toshe hanci yana tari, naman kuwa, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, wa zai gan shi a cikin ƙasa da fasassun kwalba? Mudi ya ce, "Ba komai, ai da sauran hanjin a jikina." Mutanen mota suka yi ta dariya har Gana. Ni na san abin da na zubar: shaida ɗaya daga cikin biyu. Saura rajista.

Muna shiga Gana direba ya koma hannun hagu, don su har lokacin ba su canja ba, mu kuwa mun koma dama tun bara. Duk motar da ta tunkaro sai in runtse ido.

A zango, unguwar Hausawa, muka sauka, gidan wani Alhaji Baƙo, wanda kakansa ya zo fataucin goro daga Kano bai koma ba. Hausarsu sai ka kasa kunne, ba ruwansu da bambanta mace da namiji, zai ce maka matarsa ya tafi kasuwa. Amma karamci kam ba a magana. Abincin farko da aka kawo dokunu ne, wani tuwon masara mai tsami a ƙunshe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono ɗanye. Loma biyu na yi hawaye suka zubo. Da matar gidan ta ji larurar Mudi sai ta ɗora masa tukunyarsa daban: koko da safe, farar shinkafa da romon kaza da rana. Kwana goma sha biyu ina cin tsami da barkono ina kallon taubashina yana tsotsar ƙashin kaza. Da yamma kuma dattawan zango su cika zaure don su ga ɗinkin Kano na asali, su tambaye shi unguwannin da kakanninsu suka baro. Ni suna kirana "yaron da ya rako Malam Mudi". Na girme shi da wata biyar.

Al'adunsu da yawa sun ba ni mamaki. Ranar Asabar na ji kiɗa da rawa na ce bikin wa ake, aka ce mutuwa aka yi. Kasuwa kuma ta mata ce, su ke ciniki su ke tsawa. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne layin asibiti. Wani dattijo da ke gabanmu, ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi jiki, ya buɗe baki da Turanci, a gaban maza da mata, ya faɗi sau nawa ya zaga jiya, da kalarsa, da kaurinsa, har yana kwatantawa da hannu. Na fassara wa Mudi, ya sunkuyar da kai ya ce, "A'uzu billahi. Ba shi da surukai a garin nan?" Mu a wurinmu ko mutum yana gargara, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka, don kada ya zama mai butulce wa Allah, kada kuma ya ɗora maka nauyi. Ni ma na sani, da shi na tashi, amma ban taɓa kawo shi kusa da rajistata ba.

Likitar sunanta Efuwa, gajeriya ce mai tabarau, ba ta da yawan murmushi. Na ba ta labarin kwalba, na ce a iyaka ta fashe, ban faɗi a hannun wa ba. Ta karɓi rajista ta daɗe tana dubawa. Sannan ta dubi Mudi ta ce in tambaye shi yadda yake ji.

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta ce sau nawa yake fita a yini. Mace ce, baƙuwa, tana tambayar magidanci bayan gidansa. Ya kalli ƙasa ya ce, "Ba yawa."

Ta ce da jini?

Ya ce, "Wani lokaci dai, kaɗan-kaɗan."

Na fassara mata kalma da kalma. Ban ƙara ba, ban rage ba, har ina yaba wa kaina a zuci cewa ban yi ƙarya ba. Ta danna cikinsa, ta duba idonsa, ta sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce jininsa ya yi ƙasa, amma tsutsar ciki ma tana kawo haka. Ta ce ba nama a kwalba, rajista ta nuna shekara biyu yana samun sauƙi, shi ma da bakinsa ya ce haka. Bututun nan guda ɗaya ne, akwai masu zubar da jini suna jiran layi, maganin ma ba shi da yawa. Ta rubuta masa ƙwayoyin ƙarin jini ta ce mu koma gida. Sannan ta dafa rajistata ta ce ba ta taɓa ganin mai tsabta da tsari irinta ba, in bar mata ita, za ta ambace ta a takardarta.

Wallahi na ji daɗi. Zan so in ce ban ji ba, amma na ji. Karo na farko ke nan tun daga tashar Kano da aka kalle ni aka bar Mudi. Na fito ina gyara kwat, shi kuma yana biye da ni da 'yar takardar maganinsa, yana cewa, "Allah ya saka mata da alheri, ta yi ƙoƙari."

Washegari Juma'a, mota kuma sai Lahadi. A masallaci muna raka'a ta biyu na ji ya zare jikinsa daga sahu ya fita. Bayan mun dawo gida na same shi a ɗaki zaune a bakin tabarma, ƙyallen nan a cinyarsa, allura a hannu ba zare.

Ya ce, "Isiyaku, ka taimake ni da abu ɗaya. Ƙafata ba za ta kai ni kasuwa ba. Jan zarena ne ya ƙare."

Na ce, "Ba sabon dunƙule ka taho da shi ba?"

Ya ce, "Sabo ne. Na zaci zai kai mu gida."

Ya faɗe shi ne kamar mai cewa sukari ya ƙare. Na fita. A kasuwa na sami wata mai kayan ɗinki, na ce jan zare. Ta baje min ja kala-kala a kan tebur, mai haske, mai duhu, mai ruwan goro, ta ce wanne? Hannuna ya tafi kan ɗaya ban yi tunani ba. Sai da na riƙe shi na gane dalili: na san wannan jan, shekaru nawa ina ganinsa a tasar marasa lafiya. Na tsaya a tsakiyar kasuwar nan mata suna ture ni da kwanduna, ina lissafin cewa in na kai masa zaren nan na yi shiru, zai ɗinke shi tas a Tarauni, ya aiko a sayo wani, ni kuma ina Ingila ina kwas. Kada ku zaci kyashin ya sake ni a wurin. Yana nan. Har haushin Mudi na ji, don me bai taɓa nuna min ƙyallen ba tun a Kano? Amma na tuna amsar da zai ba ni, kuma gaskiyarsa ce: ban taɓa tambayar sau nawa ba.

Na biya kuɗin zaren, na koma na miƙa masa na ce, "Tashi, ɗauko tsumman naka."

Ya ce, "Wanda ka ce zai ja mana abin kunya?"

Na ce, "Ni zai ja wa. Tashi."

Mun sami likitar tana shirin tashi daga aiki. Na ce mata akwai wata rajista da ban nuna mata ba, kuma ta fi tawa. Wannan magana ta yi min ɗaci a baki fiye da kinin. Mudi ya fara warware ƙyalle a kan teburinta, ya sauka ƙasa, ya kai bakin ƙofa, bai ƙare ba. Na yi mata bayanin baƙi da ja da kore da shuɗi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta aika a kira ɗalibanta, suka riƙe ƙyallen a tsawon baranda kamar masu shanya rawani. Ta buɗe rajistata, tana bin koren ƙulli da yatsa tana gwadawa da kwanan watan da na rubuta. Inda na ce sauƙi, ja. Inda na sake cewa sauƙi, ja. Wurin da ciwon ya lafa da gaske ma yana nan a fili, layuka gajeru baƙaƙe, amma a rajistata ba za ka bambanta shi da sauran ba.

Ta ce, "Wace tambaya kake yi musu?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Wanda zai mutu gobe, me zai amsa?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min. Ta rufe rajistar ta turo min ita da ɗan yatsa ɗaya. Sannan, i, gaskiya ne abin da kuka ji, ta miƙe tsaye ta zagayo tebur ta gaishe da Mudi da hannu biyu, ta ce in gaya masa ba ta taɓa samun mara lafiyar da ya kawo mata kowace rana ta ciwonsa ba. Ni na fassara masa wannan yabo da bakina, kalma da kalma. Ta tambaya me ya sa bai nuna jiya ba. Mudi ya ce, "Ce mata mantawa na yi." Har a nan ma sai da ya fi ni.

Aka fasa tafiyar Lahadi. Ranar Litinin aka leƙa hanjinsa da bututu, ta kira ni na sa ido na gani: jajir, a kumbure, da ƙananan gyambuna, ko taɓawa aka yi sai jini. Ta ɗebi wani naman, ya tabbatar da abin da likitanmu ya zata. Aka sa shi a bincike, aka fara ba shi ƙwayoyin nan rawaya masu mayar da fitsari kamar ruwan lemo, da wani na ɗurawa ta ƙasa wanda Mudi ya roƙe ni kada in faɗa wa mutanen Tarauni, ga shi kuma na faɗa. Maganar nono ta ce shuɗin zaren ya ba ta sha'awa, amma mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, ya dai ci gaba da sawa. Ta ja masa kunne cewa ciwon nan ba ya warkewa ɗungurungum, kwantawa yake, don haka kada ya bar magani don ya ji daɗi, kada kuma ya bar ɗinki. Aka kawo mai hoto ya ɗauki ƙyallen gaɓa-gaɓa. An ɗauki Mudi ma, da hularsa. Ni aka ba ni bakin ƙyallen in riƙe, babban yatsana ne kaɗai ya fito.

Dawowa ba wani labari, sai dai tashin Mudi zuwa ban ɗaki ya ragu, har ya yi barci daga Ilori zuwa Jabba. A tashar Kano mutanen Tarauni suka ɗauke shi kamar wanda ya dawo daga Makka. Likitanmu ya karanta wasiƙar da aka ba ni in kawo, ya dube ni ta saman takardar, bai sake ta da maganar Ingila ba, ni ma ban tayar ba. Abin da ya ce kawai shi ne a sayo farin yadi da zare. Yanzu duk mai wannan ciwo in ya zo, daga Hotoro ne ko Unguwar Gano ko Babban Giji, ina yanka masa ƙyalle in koya masa. Matan ma da ba sa iya ɗaga ido su amsa min, sai su ajiye ƙyalle a tebur su juya kai, in ƙirga in rubuta. Har yanzu ina cewa yaya jiki, don gaisuwa ce, amma ba na rubuta amsar. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ni nake yanka, ni nake koyarwa, ni nake ƙirgawa, amma kowa ƙyallen Mudi yake ce masa, har likitan.

Makon jiya na je Tarauni kai masa maganinsa da ya iso. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinki, ya yi kumatu. Na ce yaya jiki, ya ce da sauƙi, muka kalli juna muka yi dariya. Ya zaro ƙyalle ya miƙo min. Koren ƙulli bakwai a jere, ba ja ko ɗaya a tsakaninsu. Sannan ya laluba aljihu ya fito da dunƙulen nan da na sayo a Ankara, ko rabi bai ci ba, ya sa min a hannu.

Na ce, "Ka riƙe abinka mana. Ta ce yana iya dawowa."

Ya ce, "Shi ya sa. Ka ajiye a wurinka. Ni bakina ka san abin da zai ce maka, ba zan iya canja shi ba. Amma ran da ka ga na aiko a karɓi zaren nan, to ka san abin da za ka rubuta."

Yana cikin aljihun teburina a asibiti, a kan tsohuwar rajista. Har yau in na ji an ce ƙyallen Mudi sai kyashin ya motsa, ban warke ba. Amma kullum da safe, kafin in ɗora kowa a sikeli, sai na ja aljihun teburin nan na duba. Yau ma na duba, yana nan.